Bin yatsa da ido yana cire firgici? Amsa ga wata 'yar'uwa daga Taura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura. Ƙanena ɗan acaɓa ne, yana wurin a daren da tankar mai ta kama da wuta a Majiya. Allah ya kuɓutar da shi ko ƙwarzane bai yi ba, amma amininsa ya rasu a kan idonsa, kuma da shi aka ɗauki gawarwaki. Tun daga nan ya zama wani mutum daban. Ya jingine babur, ba ya iya shaƙar warin fetur, yana zabura cikin dare da ihu, abu kaɗan ya hau faɗa. An yi ruƙiya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Na ga bidiyo a waya, wata baturiya tana kaɗa yatsa a gaban mutum yana bi da ido, wai haka ake cire firgici. Gaskiya ne ko siddabaru? In gaskiya ne, zan iya yi masa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a daren 15 ga Oktoban 2024, ya ba ƙanenki lafiya. Mutum sama da 150 wutar nan ta ci, kuma da aka zo lissafi, gawa da masu ƙuna aka ƙirga. Irin ƙanenki da suka koma gida da fatarsu lafiya lau, babu wanda ya rubuta sunansu a takarda, alhali su ma wutar ta taɓa su.

Abin da kika gani gaskiya ne, magani ne da ake yi a asibitoci, sunansa EMDR, wato rage zafin mugun tunani ta hanyar motsa ido, babu tsafi ko rufa-ido a cikinsa. Amma kada ki yi masa a gida. Kaɗa yatsan nan shi ne abin da kyamara ke son ɗauka, shi ne kuma mafi ƙanƙanta a cikin aikin.

Kafin mu kai can, sai mun san ciwon. Ban ga ƙanenki ba, ba zan yanke masa hukunci daga nesa ba, amma alamun da kika lissafa sun yi kama da ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. Mu a wurin aiki mukan ce wa majinyata ciwon firgici na bayan masifa. Abin ya riƙa dawo wa mutum ba tare da ya kira shi ba, a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa. Jikinsa ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana, ƙofa ta buga ya zabura, barci ya ƙi, fushi ya matso kusa. A kwanakin farko bayan masifa kusan kowa yakan ji wani abu daga cikin waɗannan, kuma ba ciwo ba ne, jiki ne yake saukowa. Sai abin ya wuce wata guda, ya hana mutum sana'arsa da zama da iyalinsa, sannan muke kiransa ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya za su haɗu da wata masifa mai firgitarwa a rayuwarsu, amma waɗanda ciwon ke kamawa ba su kai kashi 6 ba. Sai a 1980 sunan ciwon ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, amma Bahaushe ya daɗe da saninsa tun da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ke 'yar ƙauye ce, kin san yadda ake yi da gero. A yanke, a ɗaure dami, a kawo gida, a jera a rumbu. Ranar da ake buƙata a hau a ɗebo, ranar da ba a buƙata yana can. Haka ƙwaƙwalwa ke yi da abin da ya sami mutum kullum: ta ɗaure shi, ta sa masa alamar wuri da lokaci, ta adana. Idan firgici ya kai maƙura, sashen ƙwaƙwalwa da ke aikin gadi, wanda ake kira amigdala, shi ke karɓe ragama, sashen da ke sa wa abu alamar "wannan jiya ne" kuma ya yi rauni. Sai damin daren nan ya zama an yar da shi a ƙofar ɗaki, bai shiga rumbu ba. Shiga da fita sai ya yi tuntuɓe da shi. Shi ya sa idan ƙanenki ya wuce teburin 'yan bumburutu, hancinsa ya shaƙi fetur, jikinsa ba ya cewa na tuna Majiya. Jikinsa cewa yake muna Majiya. Nasiha ba ta isa wurin da wannan abu yake zaune, don haka "ka yi haƙuri, ka zama namiji" ba ta sauke shi, sai dai ta ƙara masa kunya a kan ciwon.

Game da ruƙiya da addu'a, ba zan ce ku daina ba, kuma ba na ganin sun yi karo da asibiti. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, babu kuma wanda ya isa ya ce tawakkalinsa ne ya gaza. Abu ɗaya dai nake roƙo a dakatar, shi ne hayaƙi. Ki duba da kyau: mutumin da ya ga mutane suna ci da wuta, a lulluɓe shi da zane, a tura masa kaskon garwashi, hayaƙi ya turnuƙe shi. Dole ya yi ihu, ya fizge, ya nemi hanyar gudu. Na kusa sai su ce ga shi nan aljanin ya ji jiki, a ƙara. Alhali an mayar da shi daren ne da hannu. Duk maganin da ya haɗa da duka, ɗauri ko tsare mutum da ƙarfi, ku nisanta shi da shi.

Yanzu ga EMDR. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ce a Amurka, Francine Shapiro, ta ƙirƙiro shi. Ta ba da labarin cewa a 1987 tana tafiya a wani lambun shaƙatawa, wasu tunane-tunane suna damunta, sai ta lura cewa idan idanunta suka yi ta kai-komo da sauri, zafin tunanin yana raguwa. Ta gwada a kan wasu, ta buga binciken farko a 1989 a kan mutum 22, cikinsu akwai tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Masana da yawa dariya suka yi mata, kuma ban ga laifinsu ba, don ni ma ranar da na fara jin labarin na ɗauka irin tallan mai magani ne a kasuwa. Amma aka yi ta gwaji, ana kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyi biyu da ta ba da shawara a kansu don wannan ciwo, ga manya da yara. Ɗayar hanyar ita ce maganin tattaunawa mai fuskantar masifar kai tsaye, wanda ake gyara tunani da ɗabi'a a cikinsa. Ita Shapiro ta rasu a 2019.

Matakai takwas gare shi, amma in na jero miki su kamar karatun allo ba za ki ga yadda abin yake ba. Gara in ba ki labarin wata mata da na yi aiki da ita, na sauya wasu bayanai don rufa mata asiri. Daga wani ƙauye take a gefen kogin Haɗeja. A ambaliyar 2022 katangar ɗakinta ta faɗi cikin dare, ta danne ƙaramin ɗanta, ya rasu. Bayan shekara guda, da zarar hadari ya haɗo sai jikinta ya ɗauki rawa, ta kwashi yara ta fita tsakar gida ko ana tsuga ruwa.

Zama biyun farko ban ɗaga yatsa ko sau ɗaya ba. Tarihinta na ɗauka: yadda take barci, ko tana shan wani magani, ko tana da farfaɗiya, ko tana da ciki, ko tunanin kashe kanta yana zo mata, wa take da shi a gida da zai riƙe ta. Sannan na koya mata yadda za ta saukar da jikinta idan ya tashi. Muka zaɓi wurin da take samun natsuwa in ta tuna shi, ita gindin tsamiyar gonar mahaifinta ta zaɓa, muka yi ta maimaitawa har ya zama tana iya komawa can a zuciyarta cikin 'yan daƙiƙu. Muka yi alƙawari cewa duk lokacin da ta ɗaga hannu zan tsaya. Wani majinyacin wannan shiri kaɗai yakan ci makonni, kuma ba ɓata lokaci ba ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

A zama na uku na ce ta kawo hoton da ya fi kowanne zafi a daren. Ta ce hannun yaron da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa. Na tambaye ta, idan kika ga hoton nan, wace magana kike faɗa a kan kanki? Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ni na kashe shi." Ashe tun da magariba ta ji katangar tana zubar ƙasa, ta ce bari gari ya waye. Wannan jumla ita ce ƙayar da ke cikin gyambon, kuma shekara guda ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta. Na tambayi abin da za ta so ta iya gaskatawa a madadinta, ta ce, "Na yi iya abin da zan iya." Akwai ma'auni da muke amfani da shi, daga 0 zuwa 10, na zafin da mutum ke ji. Ita ba ta yi boko ba, sai muka yi da kwanon awo: wofi ne, rabi ne, ko ya cika ya tumbatsa? Ta ce ya tumbatsa. A ina kike jinsa a jiki? Ta dafa ƙirji.

Sai a nan ido ya shigo. Ba ta saba kallon namiji ba, don haka biro na riƙe, akwai kuma ma'aikaciyar jinya mace a ɗakin. Na ce ta riƙe hoton da jumlar da nauyin ƙirjin, ta bi biron da ido ba tare da juya kai ba, hagu da dama, kamar na rabin minti. Na tsaya, na ce ta ja numfashi, me ya zo? Ta faɗa a taƙaice. Na ce bi shi, muka sake. Haka muka yi ta yi. Ba na yi mata wa'azi, ba na ce mata ba laifinki ba ne. Nakan ce wa majinyaci ya ɗauka yana cikin mota ne, garuruwa suna wucewa ta taga, kada ya sauka a ko ɗaya. Ta yi kuka sosai. Can cikin zama na biyar sai ta ce, "Likita, ashe ni na fitar da sauran biyun. Ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ruwa har ƙugu, ga duhu." Abin yana cikin kanta tun farko, hoton hannun ne ya rufe shi. Daga nan kwano ya fara sauka. Muka ƙarfafa sabuwar jumlar, muka bi jiki daga kai zuwa ƙafa muna neman inda sauran nauyi ya maƙale, kuma ba ta taɓa barin ɗakin ba sai ta dawo cikin natsuwa. Kowane sabon zama da bitar na baya muke farawa.

Ba ta manta ɗanta ba, kuma babu maganin da ke goge abin da ya faru. Har yau in ta ambace shi takan yi hawaye. Amma hadari ya koma hadari, damin ya shiga rumbu. Yawanci zama 6 zuwa 12 ake yi, kowanne minti 60 zuwa 90, sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda masifa ɗaya ce ta same shi yana babba, kamar ƙanenki, yakan fi saurin samun sauƙi a kan wanda ya tashi cikin azaba tun yarinta. Kuma ba kowa yake yi wa aiki ba, wani sai an sauya masa hanya.

Abin da ya sa nake ganin ya dace da mutanenmu shi ne ba ya buƙatar mutum ya zayyana komai da baki. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko magidancin da masu garkuwa suka wulaƙanta a gaban iyalinsa, kunya ba za ta bari su faɗi dalla-dalla ba. A nan ya isa mutum ya ce "ya zo" ko "ya sauya". Ba a kuma ba shi aikin rubutu ya tafi da shi gida, wanda ga wanda bai yi makaranta ba babban sauƙi ne.

To me idon yake yi? Nan masana suka rabu, kuma gara ki ji gaskiyar. Wani farfesa a jami'ar Harvard, Richard McNally, ya taɓa yi masa shaguɓen cewa abin da ke aiki a cikinsa ba sabo ba ne, abin da yake sabo kuma ba ya aiki. Nufinsa, fuskantar abin tsoro a wuri mai aminci tsohon magani ne, kaɗa yatsa kuwa ado ne kawai. Wasu suka ce abin yana kama da motsin da ido ke yi a lokacin barcin mafarki. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na masu bincike a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Marcel van den Hout da Iris Engelhard. Sun nuna cewa wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da take aiki a kansa yanzu-yanzu ƙarami ne. Ki tuna lokacin da kike ƙirga kuɗin adashi wata tana ba ki labari, dole ɗaya ya dushe. Idan mutum ya ɗauko mugun hoto kuma a lokaci guda yana bin abu da ido, hoton ba ya samun wurin da zai fito da cikakken kaifinsa, sai ya koma ma'ajiya a dushe. A gwaje-gwajen da masana suka yi, motsa ido sama da ƙasa ma ya yi aiki, ƙirga lamba da baya ma ya yi. Wannan ya raunana maganar da ake yaɗawa cewa wai ana haɗa ɓangaren hagu da na dama na ƙwaƙwalwa ne. Ra'ayina, idon yana ƙara wani abu, amma ginshiƙin aikin shi ne mutum ya kalli abin da yake gudu alhali yana farke, ya san inda yake, kuma akwai wanda ya san yadda zai riƙe shi. A gwaje-gwajen da aka kwatanta EMDR da maganin tattaunawar nan, sakamakonsu kusan kunnen doki ne.

Wannan ne dalilin da na ce kada ki yi a gida. Buɗe abin ba wuya, kowa zai iya. Ki ce masa tuna daren, ki kaɗa yatsa, cikin minti biyu zai koma Majiya. Sannan fa? Idan ya fara kakkarwa, ya daina gane ki, ko ya tashi da gudu, ko ya kwana uku bai runtsa ba, me za ki yi? Kamar a tsaga ƙurji ne babu abin wankewa babu abin ɗaurewa. Ko a hannun gwani, tsakanin zama da zama mafarkai sukan ƙaru na ɗan lokaci, wasu tsofaffin abubuwa su taso, shi ya sa ake shirya mutum tukuna. Akwai kuma abin da ba zai faɗa miki ba don ke yayarsa ce. Sau da yawa a ƙarƙashin irin wannan akwai jumla irin ta matar can: ni na kira shi, ko na gudu na bar shi. Ga kuma maganganun da mutane suka yi ta yi bayan gobarar, suna ɗora wa mamatan laifin ɗibar man da ya zube daga tankar. Wanda ya rasa amini a wurin yana jin waɗannan, yana haɗiyewa. Haka nan bidiyoyin da ke yawo masu ɗigo yana kai-komo a fuskar waya, a ce ka kalla ka warke, ki bar su inda kika gan su. Duk kuma wanda ya ce zai yi masa a zama ɗaya, ko bai tambayi tarihinsa ba ya fara kaɗa hannu, ku tashi ku ba shi wuri.

Tunda wasu za su karanta wannan suna tunanin fargabarsu ta yau da kullum, bari in faɗi wannan a gurguje. Hujjar EMDR mai ƙarfi a kan ciwon bayan masifa take. A kan faɗuwar gaba da yawan damuwa da ba su da wata masifa a tushensu, hujjar ba ta kai can ba, maganin tattaunawa ya fi shi gindin zama. Wanda kuwa bashin taki ne ya hana shi barci, babu yatsan da zai biya masa. Wani lokacin ma bugun zuciya da rawar jiki daga ƙarancin jini ne, ko ciwon maƙoƙo, ko yawan goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, ko tiramadol. A auna jiki tukuna.

Inda za ku nufa: ku fara da babban asibiti mafi kusa, kamar na Ringim, ku faɗi alamun yadda kika faɗa mini, ku nemi a tura ku sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san abin da sunan Dawanau ke tayarwa a zukatan mutane, kuma mai yiwuwa ƙanenki ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Gaskiyarsa, ba shi ba ne. Masu wannan ciwo ganin likita suke su koma gida a ranar, ba kasafai ake kwantar da su ba. Kada ku yaudare shi ku ce biki za a je. Ki ce masa za a je ne a kan rashin barci da zaburar dare, wanda kuma gaskiya ne. Waɗanda suka yi horon EMDR kaɗan ne a ƙasar nan, don haka ki tambaya, in an samu to madalla, in ba a samu ba tafiya ba ta ɓaci ba. Ki nemi masanin halayyar ɗan Adam da ke yin maganin tattaunawa mai fuskantar masifa. Likita kuma yana iya rubuta ƙwaya irin su sertraline ko fluoxetine, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya ba tare da shawararsa ba.

Ƙwayar da nake tsoro ita ce ta kemis. Mai rashin barci a ƙauye, abin da aka fi miƙa masa shi ne diazepam, wanda ake ce wa baliyam. Daren farko zai yi barci kamar gawa, kowa ya ce an dace. Amma ba ta warkar da wannan ciwo, jiki kuma yana saurin sabawa da ita, kuma a shawarwarin nan na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irinta don firgici ko rashin barci a watan farko bayan masifa. Matashin da ya bar sana'a, ba ya barci, yana zama a majalisa har tsakar dare, ƙofar shaye-shaye a buɗe take gare shi. Ki sa ido ba tare da tuhuma ba.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da nake so wani da yake jin maganarsa ya yi masa a keɓe, da taushin murya: shin tunanin gara ka mutu yana zo maka? Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda yake da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji an tambaye shi. Idan ya ce e, ko ya riƙa cewa da ma ni na tafi a madadinsa, ku kwashe maganin feshi da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Abin da za ki iya yi da hannunki yana da yawa. Idan ya zabura cikin dare, kada a rirriƙe shi ta baya, kada a haske masa fuska da tocila. A kira sunansa, a ce masa kana gida, ga Inna nan, yau Talata. A ba shi ruwa mai sanyi ya riƙe, ya taka ƙasa da tafin ƙafa, ya ambaci abubuwan da yake gani a ɗakin. Ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya fitar a hankali fiye da yadda ya ja, yana iya haɗawa da tasbihi. Akwai wata dabara da ta fito daga masu EMDR, wadda wata ma'aikaciya, Lucina Artigas, ta ɓullo da ita a ƙasar Meziko lokacin aiki da waɗanda guguwar Pauline ta 1997 ta shafa. Mutum ya gicciya hannuwansa a ƙirji, ya riƙa dafa kafaɗar hagu da ta dama bi da bi, a hankali. Wannan zai iya yi don kwantar da jiki, da sharaɗin yana tuna wuri mai daɗi ne, ba daren gobarar ba, kuma in ya ji abin yana ƙaruwa ya bari. Kada ku matsa masa ya ba da labari, kada kuma ku toshe masa baki in ya fara. Hotuna da bidiyon gobarar da ke wayoyin gida a goge su. Ya riƙa fita gona, ya yi sallah cikin jam'i, ya ci abinci tare da mutane, a ba shi wani aiki da za a dogara da shi a kansa ko da kiwon tumaki ne, don zaman ɗaki yana ciyar da ciwon.

Ranar da za ku tafi, ki rubuta ko ki sa a rubuta miki sau nawa yake zabura a mako, awa nawa yake barci, da abubuwan da ya daina yi. Ku tafi da kwalin duk maganin da ya sha, na kemis da na gargajiya. Babur ɗin kuma, na san za a fara cewa a sayar tunda ya ƙi hawa. Ku dakata. A cikin magani akwai lokacin da za a buƙace shi, a fara da ya zauna kusa da shi, wata rana ya wanke shi, wata rana ya buɗe tanki ya tsaya har warin ya daina kaɗa shi, mataki-mataki yadda mai yi masa magani zai tsara. A rufe shi da buhu a zaure, wani ya riƙa tayar da shi lokaci-lokaci don kada injin ya kwanta.